Fatar da Aka Ɗaure wa Bindigar Kafil

Ban taɓa mallakar bindiga ba, ban kuma taɓa harba ta ba, amma a shekarun da na yi a Riyadh na ji maganarta har ta gundure ni. A tsakiyar shekarun casa'in ne, ina aikin tafinta da buga takardu a ofishin jakadancinmu. Duk Juma'a idan an sauko daga masallaci mukan taru a wani ɗaki a Al-Naseem, mu Hausawan da ba mu da iyali a kusa, a tuƙa tuwon shinkafa, a kaɗa kukar da wani ya zo da ita daga gida. Akwai direbobi da masu gadi da masu ba shuka ruwa, yawancinsu mutanen Maraɗi da Damagaram. Baƙo ba ya riƙe bindiga a ƙasar, kowa ya san haka. Wannan bai hana kowa zama gwani a kanta ba. Kowane direba yabon ta ubangidansa yake, har da jijiyar wuya, sai ka rantse shi ya je ya zaɓo ta.

Mutum ɗaya ne a ɗakin ya san abin da ake magana a kai, shi ne kuma ya fi kowa shiru. Wani Badamagare ne dogo, ya ba arba'in baya, ɗan gidan maharba. Ya taso yana ɗura wa mahaifinsa albarushi a bindigar toka, kafin fari ya cinye dajinsu namun su ƙare. Ni Bakano ne, don haka ba ma haɗuwa mu rabu ba a tsokani juna ba. Yana ce mini Malam, ina ce masa Yaya. Ni nake rubuta masa adireshi a bayan ambulan, domin shi ajami kaɗai ya iya. Ina ƙaunarsa ƙwarai, ko da yake shirunsa yakan ba ni haushi, ni da ba na iya haɗiye magana.

Kafil ɗinsa, wato mutumin da izinin zamansa da fasfonsa suke hannunsa, wani tsoho ne da ya yi ritaya daga aikin gwamnati. Badamagaren shi ne direbansa, shi ne kuma mai dafa masa gahawa idan an fita daji ranar Alhamis. Tsohon ba mugu ba ne. Irin mutanen nan ne masu ba ka abinci daga farantinsu, su tambayi lafiyarka da gaske, amma idan ka ce kana son zuwa gida sai su ce bari wannan lokacin farauta ya wuce. Idan ya wuce sai azumi ya zo, idan azumi ya wuce sai bikin 'yar wani. Ba ƙi yake yi ba, mantawa yake cewa direba ma a wani gida uba ne.

Tsohon yana da wata ƙaramar bindigar farauta mai sakata, irin wadda ake ɗaga mariƙin a ja baya, kwanson ya faɗo, a tura sabon harsashi a sauke. Ta araha ce, kuma ba ta ɓoye hakan ba. Katakonta fari ne da aka shafa wa jan fenti don ya yi kama da na kirki, sakatarta tana da gardama, sai an ɗan bubbuga ta. Zomo ake harbi da ita, da wani irin damo na hamada da mutanen can suke ci, amma yawanci gwangwanin tumatir ake jerawa a kan tudu. Tsohon yana sonta son da ba shi da dalili. Ra'ayinsa shi ne bindiga mai tsada ta masu kuɗi ce, ta araha kuwa ta maharba. Matsalar ita ce shi kansa ba ya samun gwangwanin.

Wanda ke samu shi ne ƙanin matarsa, wani ɗan kasuwa mai bindigar Turai da madubin hange a samanta, da akwatin kanta mai laushin ciki. Shi nasa ra'ayin, duk bindigar da ba ta kai tasa ba sandar kora awaki ce. Kowace Alhamis sai ya faɗa, a gaban 'ya'ya da surukai, tsohon ya yi dariyar yaƙe ya ɗora laifin a kan iska.

Wata Juma'a da musu ya yi zafi, wani direba ɗan Maraɗi ya ce wa Badamagaren ai bindigar ubangidansa ko tanki aka ajiye ba ta samu. Sai Badamagaren ya ajiye lomar da ya yanko.

"Ba tsada ba ce, ba araha ba ce," in ji shi. "Bindiga ko mai gaskiya ce ko maƙaryaciya. Mai gaskiya in ta kauce hagu, kullum hagun za ta kauce, sai ka san zaman da za ka yi da ita. Ta tsohon nan yau hagu, gobe dama. Kuma ba halinta ba ne. Zafin garin ga ya busar da katakon, ƙarfen na rawa a ciki. Ina jin shi in ya harba."

"Yaya," na ce, "kai da ba a bari ka taɓa kunamarta, da kunne kake saiti?"

"Awo, Malam. Ku Kanawa da baki kuke harbi, ban ga an hana ku ba."

Bayan babbar salla katakon ya tsage daga gaba. Tsohon ya so kai ta wajen gyara, Badamagaren ya ce a bar masa. Ya yanki siririn tsiri daga fatar ragon layya, ya jiƙa ta, ya naɗe wurin tsagar tam da ƙarfen duka, ya ƙuƙƙulle yadda ya ga mahaifinsa yana yi, ya shanya a rana. Ɗanyar fata idan ta bushe matsewa take, ba ta sake saki. Alhamis ɗin da ta biyo tsohon ya kayar da gwangwani biyar a jere. Ta gaba ya kayar da zomo daga nisan da ƙanin matarsa ya harba sau biyu bai samu ba. Wata guda cur tsohon yana yawo da bindigar majalisa majalisa yana nunawa, yana cewa dama shi ya faɗa. Har sabuwar riga ya saya wa direbansa. Mu ma a Al-Naseem mun ɗaga kai, sai ka ce mu muka harbi zomon.

Ranar wata Laraba da hantsi aka ce ana nemana a bakin ƙofar ofis. Na tarar da Badamagaren tsaye a rana, alhali ga inuwa nan kusa. Ya ce ƙanin matar ya ɗauki bindigar a gaban jama'a, ya ƙirga ƙullin fatar, ya samu bakwai. Ƙanin matar ya ce wai bindigar banza ba ta gyaruwa da fatar rago, wannan aikin asiri ne na mutanen Afirka, kuma wanda ya iya ɗaure bindiga zai iya ɗaure mai ita. Ya ce ko a yanke fatar a gaban kowa, ko ya kai maganar inda ake kai irinta.

Duk wanda ya zauna a ƙasar ya san nauyin kalmar asiri. Mafi sauƙin abin da zai biyo baya shi ne a sa mutum a jirgi, ba dawowa, shekarunsa su tafi a banza. Mafi munin kuwa ba ma son ambatonsa. Larabcin Badamagaren na kai-kawo ne, na tafi dama, tsaya nan, zuba gahawa. Bai isa ya kare kansa da shi ba. Tsohon da kansa ya ce ya nemo wanda zai yi masa tafinta, gobe bayan la'asar, a gonarsa da ke bayan gari.

Ba zan yi ƙarya ba, na ji tsoro. Shi ba ɗan ƙasarmu ba ne, ba aikin ofis ba ne, idan ta ɓaci ni kaɗai ne da wuyana. Na ce masa zan duba. Ya ce to, ya juya zai tafi, bai roƙe ni ba. Rashin roƙon ne ya kashe mini jiki, na ce ya biyo ta gidana gobe.

Muna hanya a motar tsohon, mun fita gari, gidaje sun ƙare sai jan yashi, na ce masa ai abin mai sauƙi ne. A yanke fata, a ga ba komai, kowa ya kama gabansa.

"Malam, akwai takarda a ciki."

"Wace takarda?"

"Ƙarfen na buƙatar matashi daga ƙasa, in ba haka ba fatar kaɗai ba ta hana shi rawa. Na nemi abu mai kauri, ita ce a aljihuna. Na linke ta na sa."

"Da rubutu a jiki?"

"Da ajami kaɗan. Da zane."

Ban san lokacin da na fara yi masa faɗa ba, mutumin da ya girme ni da shekara goma sha. Na ce duk kwalayen shayin da ke garin nan, duk jaridun da ake zubarwa, bai ga abin sawa ba sai takarda mai ajami da zane? A ƙasar da ko laya aka gani a wuyan jariri sai an tsinke? Na ce ya kashe kansa ya haɗa da ni. Ya bar ni na gama. Sannan ya ce daga gida aka aiko ta, ta awon takalman yara ce, kuma ta daina amfani. Ban tambaye shi abin da ya sa ta daina amfani ba, haushi bai bar ni ba.

A gonar an shimfiɗa darduma a inuwar dabino. Tsohon yana zaune da bindigar a cinyarsa, ƙanin matar a gefe, da wasu maza uku na gidan. An ba ni gahawa da dabino, an tambayi aikina, aka yaba Larabcina. Badamagaren bai zauna ba sai da tsohon ya nuna masa gefen darduma. Na lura tsohon ba ya son haɗa ido da shi, kuma ba fushi ne a fuskarsa ba, kunya ce.

Ƙanin matar ne ya sa wuƙa. Fatar ta bushe ta yi tauri, sai da ya yi ta gurzawa. Da ta buɗe, katakon ya ɗan ware, sai ga takardar ta leƙo daga ƙarƙashin ƙarfen, ruwan ƙasa, irin ta buhun siminti, a linke sau da yawa har ta zama kamar ƙaramar laya. Ya zaro ta da yatsa biyu ya ɗaga sama don kowa ya gani. Ɗaya daga cikin mazan ya fara neman tsari.

Ya warware ta a kan darduma. Sawun ƙafa ne guda uku, an zagaye su da biro, ƙarami a cikin matsakaici, matsakaici a cikin babba, don takarda ɗaya ta isa. A jikin kowanne an rubuta suna da ajami. Haka mutanen ƙauye suke yi, ba su san lambar takalmi ba, sai a taka takarda a zana, a ba mai tafiya. Na sha ganin irinta a hannun alhazai suna aunawa a kasuwa. Amma a idon wanda bai sani ba, sawun mutane ne da sunaye, a ɓoye a cikin makami, an ƙulle sau bakwai.

"Me ya rage kuma?" in ji ƙanin matar. "Sawu da suna. Wa bai san wannan ba?"

Na yi bayani iyakar iyawata. Ya ce ai ni ɗan'uwansa ne, ko me aka rubuta haka zan faɗa. Gaskiyarsa ta wani ɓangaren, don ba mai iya karanta Hausa a cikinsu. Tsohon ya jawo takardar gabansa, ya ɗora tafin hannunsa a kan ƙaramin sawun, hannun ya rufe shi duka har da saura.

"Tambaye shi na wane ne wannan."

Badamagaren ya matso ya nuna da yatsa, ina juyawa. Babban na 'yarsa ta fari ne. Na tsakiya na namijin. Ƙaramin na autan ne, wanda ya bari yana rarrafe, sai a takardar nan ya san ya fara tafiya. Ya nuna inda layin ya karkace wajen babban yatsa, ya ce nan yaron ya motsa, da gani ba ya son tsayawa wuri ɗaya.

"To me ya sa zai cusa ƙafafun 'ya'yansa a bindigata?"

Na juya masa tambayar. Ya ce, "Ce mishi takardar ta tsufa, ƙafafun sun wuce nan."

Iyakar abin da ya faɗa ke nan, kuma aikin tafinta shi ne ya faɗi abin da aka faɗa. Amma zuciyata ta riga ta ɗebo ni. Na ce da Larabci, "Allah ya ja kwananka, ya ce takardar ta tsufa. Shekara uku ke nan da aka aiko ta, lokacin da ka ce zai tafi idan farauta ta wuce. Ya ajiye ta a aljihu yana jira, har ƙafafun suka fi zanen girma. Da ta daina amfanar 'ya'yansa, sai ya ga gara ta amfani bindigarka."

Badamagaren ya ji kalmar shekara uku, ya ji farauta, ya gane na ƙara gishiri. Ya harare ni. Ni ma na san na wuce iyaka, a gidan mutum, a gaban surukansa. Na fara lissafin yadda zan yi wa shugabana bayani idan aka buga masa waya.

Tsohon ya daɗe yana kallon takardar. Sannan ya ce a kawo kwalin shayi. Ya miƙa wa direbansa kwalin da bindigar, ya ce ya sake yin abin da ya yi, a gaban kowa, ba fata, ba ƙulli. Badamagaren ya yagi kwalin ya linke, ya cusa ƙarƙashin ƙarfen, ya rage linki biyu don ya yi kauri da yawa, ya naɗe da tsirin robar tayar da aka samo a bayan mota. Ya kama ƙarfen ya girgiza, ya sa ƙanin matar ma ya girgiza ya ji ba ya motsi. Aka jera gwangwani huɗu a kan tudu. Tsohon ya durƙusa da ƙyar, ya bubbugi sakatar nan mai gardama, ya harba. Na farko ya kuskure. Ya kayar da ukun da suka rage.

"Ga asirin nan," ya ce wa ƙanin matarsa. "Kwalin shayi. Ka saya wa taka."

Mazan suka yi dariya, ƙanin matar ya ce shi dai Allah ya sani ya faɗi abin da ya gani, ya tashi ya nufi motarsa. Tsohon bai yi dariya ba. Ya miƙa wa Badamagaren bindigar da harsashi ɗaya, ya nuna masa gwangwanin da ya saura. A wajensa wannan ita ce babbar girmamawa, kuma na san hannun mutumin nan ya shekara nawa yana ƙaiƙayin kunama. Ya kalli bindigar, ya girgiza kai. Ya sunkuya ya ɗauki takardarsa, ya shimfiɗa ta a gwiwa yana goge linkin da gefen hannu. Wannan ba sai da tafinta ba.

A hanyar dawowa sai da muka shigo gari ya yi mini magana.

"Wa ya aike ka?"

"Ba kowa, Yaya."

"Ku Kanawa ba a ba ku aron baki." Sannan ya ce, "Allah ya saka."

Kwana goma sha bayan nan tsohon ya miƙa masa fasfonsa da bizar fita da dawowa. Na raka shi kasuwa a Al-Murabba sayen takalma. Ya fito da takardar, yana ɗora kowane takalmi a kan zanen yana ƙara yatsa biyu a gaba. Na ce ya ƙara uku, ya ce ni da ban haihu ba me na sani. Ya sayi uku na yaran, ya sayi na uwarsu, wanda shi ya san girmansa da ka. Ni na kai shi filin jirgin sama na Sarki Khalid. Bai yarda an auna ledar takalman da sauran kaya ba, a hannu ya shiga da ita.

Bayan wata uku ya dawo, ya yi baƙi, ya ɗan yi ƙiba. Tsohon ya riga ya jiƙa sabuwar fata yana jiransa, don robar ta tsinke, bindigar ta koma ƙaryarta. Juma'ar farko ya zo mana da kilishi da kuka. Ana ta hayaniyar wace bindiga ta fi wace, na matsa kusa da shi na tambaye shi takalma.

Ya ce na autan bai shigi kowa ba, an ba ɗan maƙwabta. Na namijin shi ya yi wa autan daidai. Na babbar kuma namijin ya sa.

"Ita fa babbar?"

Ya juya lomar a cikin miya, bai kai baki ba.

"Wanda na saya wa uwarta ta gwada," in ji shi. "Ya shige ta cif."